Ƙaramar Bindiga A Ɗakin Matar Aure

Yau zan ɗan kauce daga zancen girki da tarbiyyar yara da muka saba, in ba ku labarin wata muhawara da aka yi a gidana, wadda ta sa na koma na kakkaɓe littattafan tarihin da na ajiye tun ina makarantar horon malamai. Na san wata za ta ce, ina ruwan mace da maganar bindiga? To ki yi haƙuri ki karanta, ni ma da haka na ɗauka.

A shekarar 2022 ne abin ya faru. A watan Maris na shekarar aka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, aka kashe na kashewa aka kwashi na kwasa zuwa daji. A watan Yuni kuma gwamnatin Zamfara ta fito fili ta ce jama'a su nemi lasisin riƙe bindiga su kare kansu. Maigidana ɗan kasuwa ne, kusan kowane mako yana kan hanya, kuma ba a fi wata guda ba da aka haura gidan wani maƙwabcinmu cikin dare. Ranar nan bayan sallar isha'i ina kawo musu tuwo shi da ƙaninsa, sai na tarar sun haɗa kai a kan waya, sun yi shiru kamar masu duba lefe. Da na leƙa sai na ga hotunan ƙananan bindigogi ne.

Ƙanin ya ɗago ya ce, "Yaya, zo ki raba mana gardama. Ni na ce Glock, shi ya ce Browning."

Na ce, "Su wane ne kuma haka, baƙi za mu yi?"

Suka yi dariya, amma Alhaji dariyarsa ba ta kai ciki ba. Nan na gane da gaske yake. Na zauna na saurara. Shi ƙanin cewa yake yi Glock ƙirar ƙasar Ostiriya ce, ta fito a 1982, ba ta da nauyi saboda rabin jikinta roba ce mai ƙarfi, kuma samfurin da ake kira 17 yana cin harsashi 17. Alhaji kuwa ya ce shi dai tsohuwar zuma, Browning ta 1935 mai harsashi 13, wadda sojojin ƙasashe da yawa suka daɗe suna ratayawa. Aka kawo Beretta ta Italiya, wai kamfanin tun 1526 yake ƙera bakin bindiga. Aka shiga maganar harsashi, wannan ya ce milimita 9, wancan ya ce .38. Da na tambaya suka bayyana mini cewa faɗin ƙwayar harsashin ke nan, ɗaya an auna da milimita ɗaya da inci. Aka ce libarba mai juyawa harsashi shida kawai take ci amma ba ta cika cijewa ba. Wallahi yadda kika san mu mata in muna gardamar Super da Holland.

Tambaya ɗaya na yi: "Alhaji, in an sayo, a ina za a ajiye ta?"

Ya ce, "A ɗakinki mana, a saman sif, ko ƙarƙashin katifa. Ai nan ne ba wanda zai yi zato."

Ban ce komai ba, na kwashe kwanuka. Amma daren nan ban runtsa ba, kuma wanda ya yi ta faɗo mini a rai shi ne kakana na wajen uwa. Allah ya jiƙansa, yana cikin 'yan bindigar sarkin garinmu, masu buga bindigar toka ranar hawan salla. Ki lura da sunan da kyau. A lokacin da nake yarinya in aka ce "ga 'yan bindiga nan" da gudu muke fita kallo, ga su da riguna masu layu, hayaƙi ya turnuƙe, dawaki suna zabura, mata suna guɗa. Yau in kika ji kalmar nan a rediyo sai dai ki yi salati. Suna ɗaya ne, amma cikin rayuwata kaɗai ya tashi daga ƙofar fada ya koma daji. Shi kakan nawa yatsu uku ne a hannunsa na hagu, domin wata salla ya cika wa bindigar albarushi ta fashe a hannunsa. Kuma abin da ban taɓa mantawa ba, bindigar nan ba ta taɓa wuce zaure ba. Can sama yake rataye ta, albarushin kuma a wani wuri daban da shi kaɗai ya sani. Kakata kan ce, "Ni da ita kishiyoyi ne, amma ba ma haɗa ɗaki."

Da gari ya waye na ɗauko littattafaina, ina so in san yaushe ne ma wannan abu ya shigo mana, kuma a hannun wa ya saba zama.

Ko daga sunan za ki gane baƙuwa ce. Bindiga daga Larabci muka aro, haka harsashi, wanda asalinsa dalma ke nan a Larabce, haka albarushi. Libarba kuwa daga bakin Turawa muka tsinta. Namu na gado su ne baka da kibiya da mashi da takobi da garkuwa. A Barno, tun ƙarni na 16 Mai Idris Alooma ya samo Turkawa masu harbi suka koya wa dakarunsa. A Kano kuwa, littafin tarihin sarakunan Kano ya ce a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi sarauta daga 1731 zuwa 1743, ana kawo bindigogi daga Nupe. Ya kuma ce Babba Zaki, 1768 zuwa 1776, shi ne sarkin da ya fara ajiye 'yan bindiga su zama masu tsaronsa. Ashe sana'ar kakana ta haura shekara ɗari biyu. Kuma galibi bayin sarki amintattu ake damƙa wa ita. Ba abu ne da attajiri zai shiga kasuwar Kurmi ya saya ya kai ɗakin matarsa ba. Wasu ta hamada suke zuwa daga Tarabulus, wasu ta bakin teku, irin dogayen nan da ake ɗurawa ta baki, waɗanda Turawa ke danganta su da 'yan kasuwar Denmak. Mu kuma muka raɗa musu harba-ka-ruga, domin kafin ka sake ɗurawa abokin gaba ya cim maka.

Ita ƙaramar bindiga fa? Labarin farko da na ci karo da shi ya sa tsigar jikina ta tashi. Sanannen labari ne a tarihin jihadi cewa gab da hijirar 1804, Sarkin Gobir Yunfa ya kira Shehu Usmanu Ɗanfodiyo zuwa fadarsa a Alƙalawa, ya ɗauko bindiga ya ɗana masa, wasu marubutan sun ce ƙarama ce, sai ta ƙi tashi ta gaba, wutar ta dawo ta ƙona shi kansa. Malamai suna kawo wannan a babin karamar Shehu, kuma haka ne. Ni kuma da na karanta sai na tuna yatsun kakana. Da aka zo yaƙin Tabkin Kwatto a watan Yunin 1804, jama'ar Shehu da kibau suka ci nasara.

Bayan shekara ashirin, a 1824, wani Bature ɗan Sikotlan mai suna Clapperton ya iso Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Cikin tsarabar da ya kai masa har da ƙananan bindigogi masu baki biyu. Kin ga matsayinta ke nan a wancan zamani, kayan gaisuwar sarakuna, kamar alkyabba. Da ya dawo a 1826 ya bi rundunar Bello zuwa yaƙin Konya, garin Gobirawa, ya rubuta abin da ya gani. Dakaru dubbai, amma bindigogin da ke cikinsu duka ba su kai hamsin ba, kuma mai harbi in ya buga sau ɗaya sai ya ruga baya ya sake ɗuri. To kin san wa Baturen nan ya fi yabawa a fagen daga? Wata tsohuwa ce Bazamfara, baiwar sarki. Tana kan wani ramammen doki, ta rataya gorunan ruwa da ɗan kwanon tagulla, tana kutsawa inda kibau ke zuba tana shayar da masu rauni da masu ƙishi. Shi kansa ya sha ruwanta. Na daɗe riƙe da littafin ina tunanin matar nan. Ko sunanta ba a rubuta ba, amma yau shekara kusan ɗari biyu ana karanta aikinta, su kuwa masu bindigar an manta da su.

A ƙarshen ƙarni na 19 abin ya fara canzawa. Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya tara bindigogi ta hanyar Tarabulus, har ana haɗa albarushi da ƙera igwa a cikin Zinder. Rabe ya ci Barno a 1893 da ƙarfin bindiga. Amma duk wannan tarin bai kai ko'ina ba, domin tun 1890 ƙasashen Turai sun zauna a Brussels sun ƙulla yarjejeniyar hana sayar wa yawancin Afirka bindigogin zamani. Tsofaffin nan na ɗuri su aka bari su ci gaba da shigowa. Saboda haka ranar 3 ga Fabrairun 1903 da sojan Ingila suka tsaya a bakin ganuwar Kano, ba su kai mutum dubu ba, kuma yawancinsu baƙar fata ne, amma suna da igwa da bindiga mai jigida ƙirar Maxim da ke aman harsashi ɗari biyar ko fiye a minti ɗaya. Sarki Alu ba ya gari, Kano ta faɗi a yini guda. Sakkwato ta bi baya ranar 15 ga Maris, sannan a watan Yuli Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi. Hafsoshin Turawan nan su ne masu rataya libarba a ƙugu, galibi ƙirar Webley. Wato yadda talakan ƙasar Hausa ya fara ganin ƙaramar bindiga da idonsa ke nan, a ƙugun mai ba da umarni.

Dokar da muke kai har yau ma daga can ta samo tushe. A 1959, saura shekara ɗaya a sami 'yancin kai, aka kafa dokar makamai ta Nijeriya, ta kasa bindigogi gida uku. Bindigar toka ta maharba, kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da izininta. Bindigar farauta irin mai baki ɗaya ko biyu, sai da lasisin Sufeto Janar. Libarba da fistol kuwa, an jera su aji ɗaya da bindiga mai jigida da gurneti, cikin makaman da aka haramta, ba mai riƙe su sai da izinin shugaban ƙasa. Wanda aka kama da ita ba izini yana fuskantar ɗaurin shekara 10. Shi ya sa da Zamfara ta yi waccan sanarwa a 2022, babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin. Ashe duk gardamar Glock da Browning da ake yi a tsakar gidana, gardama ce a kan abin da ba kantin da zai sayar wa Alhaji da rasit. Sai dai ta bayan fage, a hannun mutumin da ba ka san ina ya samo ta ba, ba ka san jinin wa ke kanta ba, kuma daga ranar ya san gidanka.

To ta yaya muka zo inda muke? Bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 makamai suka watsu, fashi ya yi ƙamari, har gwamnatin Gowon ta kafa dokar kisa a kan fashi da makami a 1970. A 1971 aka harbe Oyenusi a bakin teku a Legas gaban dubban 'yan kallo, a 1987 aka harbe Anini a Benin. Mu a Arewa muna jin labarin a rediyo kamar tatsuniya, ɓarawonmu na lokacin wuƙa ce da tocila. Sannu a hankali rikice-rikicen Chadi, sannan faɗuwar Gaddafi a Libiya a 2011, suka buɗe hanyar hamada, hanyar nan dai da raƙuma suka bi suka kawo wa Tanimu nasa. Wata cibiyar bincike da ke Geneva, Small Arms Survey, ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindigogi fiye da miliyan 6 a hannun farar hula a Nijeriya. Daga ƙasa da hamsin a rundunar Sarkin Musulmi guda!

Da daddare na sami Alhaji shi kaɗai, domin irin wannan magana ba a yin ta gaban ƙani. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Alhaji, ina neman alfarma ka saurare ni, in na yi kuskure ka gyara mini."

Ya ce, "Ina jinki, malama mai tarihi."

Na kwashe abin da na karanta na gaya masa, sannan na ce, "Waɗanda kake tsoro ba ɗaya-ɗaya suke zuwa ba, kuma AK-47 suke ɗauke da ita, harsashi 30 a gida ɗaya, tana kai mita 300. Taka in ta wuce mita 50 sai addu'a. Ka taɓa harbi? Ba ka taɓa ba. Cikin duhu, daga barci, yara suna kuka, wa za ka saita? Kwanaki ƙaninka da kansa ya hauro katanga ƙarfe ɗaya na dare don kada ya tashe mu. Da tana ƙarƙashin katifa ranar, yau me za mu gaya wa Hajiya?"

Ya yi shiru. Na ci gaba, na ce, "Kai kwana uku kake yi a gida cikin mako. Ni ce zan zauna da ita dare da rana, ni da yara biyar. Ka san ɗan autan nan ba abin da bai tono ba a ɗakina, har sarƙar da na ɓoye cikin kwalla. Ga 'yar aiki, ga 'ya'yan maƙwabta, ga 'yan biki masu shiga ɗaki su canza kaya. In kuma aka zo bincike kana kan hanya, a ɗakin wa za a same ta?"

Akwai wata magana da ban faɗa masa ba, amma ku zan gaya muku, tunda mu ya mu ne. Alhaji mutumin kirki ne, shekara goma sha tara bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Amma zo mu zauna zo mu saɓa, kuma ba gidan da Shaiɗan ba ya leƙawa. Akwai ranar da miji kan fusata, akwai ranar da ke kanki kishi kan rufe miki ido, akwai ranar da saurayin ɗa kan dawo an ɓata masa rai a majalisa. A 1993 wani likita a Amurka, Arthur Kellermann, ya buga binciken da ya nuna gidan da ake ajiye bindiga haɗarin a kashe wani a cikinsa ya ninka kusan sau uku, kuma yawanci ɗan gida ne ko na jiki ke yin kisan. Na san Amurka daban mu daban, amma zuciya ai iri ɗaya ce. Hadisi ingantacce ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami ko da wasa, don kada Shaiɗan ya fizgi hannunsa. Har mai wucewa da kibau a kasuwa ko masallaci an umarce shi ya riƙe tsininsu.

Alhaji bai ba da kai nan take ba, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce. Ya ce, "Ai hadisi kuma ya ce wanda aka kashe wajen kare dukiyarsa da iyalinsa ya yi shahada. So kike in tsaya hannu rabbana a shigo a ɗauke ki a gabana?" Muryarsa har rawa take yi. Wallahi sai da na yi hawaye, domin na gane ba son bindiga ke damunsa ba, tsoron ranar da zai kasa kare mu ne. Ban da amsar wannan tambaya, kuma ban yi kamar ina da ita ba. Cewa kawai na yi, "Allah kada ya nuna mana ranar. Amma ita ranar wataƙila ce, shi kuwa yaron nan kullum yana cikin ɗakin."

Mun yi kusan mako biyu ba wanda ya sake tayar da zancen. Rannan sai ga mai walda ya zo auna ƙofa. Aka sa mana ta ƙarfe, aka ƙara tsawon katanga, aka kafa fitila mai aiki da hasken rana a lungu. Alhaji ya tara magidantan layinmu wurin mai unguwa aka tsara kuɗin 'yan sintiri duk wata, kowane gida aka ba shi usur. Ya daina tafiyar dare, in la'asar ta yi masa a wani gari nan yake kwana. Bai taɓa ce mini na yi gaskiya ba, ni ma ban nema ba.

Kada wata ta ɗauka ina zargin mutanen ƙauye. Ina da 'yar ƙanwar uwa da ke aure a wani ƙauye a yammacin Katsina, inda ofishin 'yan sanda mafi kusa tafiyar awa guda ce a babur. Da ta zo mana jinya ta gaya mini mijinta da bindigar toka yake kwana a bakin ƙofa, maza suna karɓa-karɓar gadi, mata kuma da zani biyu suke barci saboda gudu. Na buɗe baki zan kawo mata tarihin Babba Zaki sai na ji kunya ta kama ni, na ja bakina na rufe, na ƙara mata miya. Tambaya ɗaya na yi mata, ina yake ajiye ta da rana? Ta ce a rumbu, can sama, albarushin kuma yana wurin tsohonsa.

Shi kuwa ƙanin Alhaji har yau bai haƙura ba. Ko makon jiya da ya zo cin tuwo sai da ya miƙo mini waya, ya ce, "Yaya, don Allah dubi wannan sabuwar, ko tafin hannunki ba ta kai ba, a jaka ma sai ki sa ta." Na karɓa na duba, ba laifi an yi ƙira. Na miƙa masa abarsa na ce ya ci tuwonsa kafin ya huce, ɗan auta kuma ya taso yana ta miƙa wuya wai shi ma sai an nuna masa.